Injin kiɗa mai zaman kansa ko kwantirola: wanne zai iya da kalangu?

ƊanKurna ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, domin kuɗin da na tara ba za su sayi abu biyu ba, kuma in na yi kuskure sai na sake shekara ina tari.

Ina da ɗan situdiyo a Kano, ɗaki ɗaya ne a cikin gidanmu, na liƙe bangon da soso da kwalin ƙwai. Kayan aikina laftof ne mai manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, da fiyano Yamaha PSR-S670 da na saya gwanjo, da sifika biyu da makirfo ɗaya. Abin da ya fi kawo min na cefane waƙar biki ce, sai tallar shago, sai yaran unguwa masu hip-hop. Shekara shida ke nan da mawus nake zana ganguna, ina danna gida-gida a kan allo.

Makon jiya wani abu ya faru da ya hana ni barci. Wata hajiya za ta aurar da 'yarta, ta ce ita lallai sai an sa mata kalangu na gaske a waƙar, irin wanda aka yi mata a nata bikin. Aka kawo min wani dattijo makaɗi. Ya zauna a kan tabarma, ya saƙale kalangun a hammata, ya yi mana wajen minti huɗu ba tsayawa. Tsigar jikina har tashi ta yi. Da ya gama na ɗora nawa gangunan a ƙarƙashi, sai abu ya ƙi zama. Na ja baya, na tura gaba, na yanka nasa na jera a kan layi, sai daɗin ya zube gaba ɗaya. Dattijon ya saurara ya ce min: "Yaro, naka kiɗan a tsaye yake kamar soja a fareti, nawa kuwa tafiya yake yi." Ana cikin haka aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin kuma ya riga ya mutu tun bara, aikin awa biyu ya tafi.

Tun ranar nake kallon bidiyon sababbin injinan kiɗa. Na ga EP-133 K.O. II na kamfanin Teenage Engineering, wanda ya fito a ƙarshen 2023 a kan dala 299, kamar kalkuleta babba. Na ga TR-8S da ƙaninsa TR-6S na Roland. Na ga MPC One+ na Akai, da Digitakt II na Elektron, da Move na Ableton da ya fito a 2024. A ɗaya gefen kuma akwai kwantirola, wato faranti mai maɓallan roba wanda ba ya fitar da sauti da kansa sai an jona shi da kwamfuta, irin su MPD218 da Akai Fire da Maschine Mikro. Waɗannan sun fi araha nesa ba kusa ba.

Abin da nake so in sani daga bakin wanda ya taɓa su da hannunsa: wanne ne zai bar ni in buga da yatsu yadda kiɗan zai yi tafiya irin ta dattijon nan? Duk bidiyon da na gani gidaje 16 ne a jere, kiɗan Turawa mai ƙirgen huɗu-huɗu. Shin za su ɗauki namu? Sannan wanne ne zai jure wutarmu da ƙurarmu? Allah Ya saka da alheri.

BabanFiyano ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni na fara wannan sana'a tun ana ɗaukar waƙa a kaset, kuma da fiyanon Yamaha muka yi ta, kamar yadda kusan duk waƙoƙin finafinan Hausa na wancan lokacin da shi aka yi su. Don haka ka yi haƙuri da maganar tsoho.

Kwantirolan da kake nema yana cikin ɗakinka. Juya bayan fiyanon nan naka, za ka ga ramin USB wanda ake jonawa da kwamfuta. Sayi kebul irin na firinta, ka haɗa, FL Studio zai gan shi. Zuba sautin gangunanka a kan maɓallan, ka danna rikodin, ka buga da yatsu. Maɓallan suna jin ƙarfin bugu, in ka taɓa a hankali sauti ya fito a hankali. A hannun hagu kuma akwai ɗan gargaren nan da ke lanƙwasa sauti sama da ƙasa. Da shi muka riƙa kwaikwayon matsa kalangu shekara da shekaru. Ba zai kai na gaske ba, amma ya ciyar da gidaje da yawa.

Ban ce kada ka sayi sabon abu ba. Na ce ka yi wata ɗaya kana bugawa da hannu a kan abin da kake da shi. In hannunka bai faɗa ba a nan, injin dala dubu ma ba zai faɗar da shi ba. Kuma kafin komai ka canza batirin laftof ɗin nan, don shi ya cinye maka aikin awa biyu.

'YarBarnawa ta rubuta:

Baba ya faɗi gaskiya kan batir da kebul, amma Baba ka yi min afuwa, zan ɗan saɓa maka a wuri ɗaya. Maɓallin fiyano doguwar tafiya yake yi kafin ya kai ƙasa ya dawo. In kana son bugu mai sauri a kan sauti ɗaya, irin yadda makaɗi ke kaɗa fata, yatsa biyu ba sa samun wuri a kansa. Fad ɗin roba faffaɗa ne, ba ya nutsewa, yatsa na dira yana tashi. Ni daga fiyano na koma MPC One shekara uku da suka wuce, a Kaduna nake aiki, kuma bambancin a yatsuna na ji shi tun daren farko.

Yanzu ga matsalarka ta ainihi, ɗan'uwa, kuma ba ta sayayya ba ce. Gidaje 16 ɗin nan gado ne daga TR-808 da Roland suka fitar a 1980. Wajen guda 12,000 kawai aka ƙera aka daina, amma tsarin jerin maɓallansa ya bi duniya, har cikin allon FL Studio da kake dannawa. Gida 16 na nufin bugu huɗu, kowanne an raba shi huɗu. Kiɗanmu da yawa kuwa, na dambe da na biki da na ƙwarya, bugu huɗu ne amma kowanne an raba shi uku. Gida 12 ke nan. In ka ɗora mai 16 a ƙarƙashin mai 12, a farkon kowane bugu kaɗai za su haɗu, tsakani kowa na jan nasa. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan.

Gwada wannan yau da dare, ba sai ka kashe ko sisi ba. Shiga saitin aikinka a FL Studio ka mayar da rabon kowane bugu ya zama uku maimakon huɗu, jerin ya koma 12. Sa babbar ganga a gida na 1 da 4 da 7 da 10. Sa tafi ko kacau-kacau a 1 da 3 da 5 da 7 da 9 da 11. Ƙara wani sauti mai kauri a 1 da 5 da 9. Kunna ka rufe ido. Za ka ji huɗu da shida da uku suna tafiya tare, kowanne da ƙafarsa, kuma kafaɗarka za ta fara motsi da kanta. Sai ka ɗora kalangun dattijon a kai, ba tare da ka yanka shi ba, ka nemi gudun da ya dace da nasa.

Duk injinan kirki suna yin wannan, masu bidiyo ne kawai ba sa nunawa don ba kiɗansu ba ne. Shi kansa 808 na 1980 yana da makunnin da ke mayar da shi ƙirgen uku-uku. TR-8S da TR-6S suna da shi, kuma za ka iya gaya musu gidan da jerin zai tsaya. Digitakt II yana kaiwa gida 128, kowane layi da tsawonsa daban in ka so, sannan kowane gida ɗaya za ka iya ba shi nasa kaurin murya da nasa ƙarfi, har ka ɗan gusar da shi gaba ko baya kaɗan daga kan layi. Inji ne mai zurfi ƙwarai, amma na mai son zama ya tsara ne, maɓallansa ba sa jin ƙarfin bugu, kuma dala 999 ya fito.

Abin da ya sa na tsaya a MPC shi ne asalinsa na bugawa ne. Roger Linn ne ya tsara na farko, MPC60, tare da Akai a 1988, da fad 16 a jere huɗu-huɗu. Shi ya shahara da abin nan da ke sa kiɗa rangwaɗa: a kashi 50 bugun a miƙe yake, in ka kai shi 66 ya koma uku-uku sosai, tsakaninsu kuma, wajen 54 zuwa 62, nan ne kiɗa ke ɗan jan ƙafa mai daɗi. Amma ni in ina aikin gargajiya kashe mai daidaita bugun nake yi gaba ɗaya, in buga yadda hannuna ya ba ni, in ya karkace da yawa in sake. Akwai kuma wani maɓalli da ke baza sauti ɗaya a kan fad 16, kowanne da kaurin muryarsa. In ka ɗauki bugu ɗaya na kalangu ka baza shi haka, ka samu sama da ƙasa a ƙarƙashin yatsunka. Wanda ya fi kusa da matsa tsarkiya shi ne Push 3 na Ableton, na 2023, don a kansa in ka danna fad ka ja yatsa gefe sautin na bin yatsan. Sai dai tsada, kuma da Ableton Live yake aiki, kai kuwa ɗan FL ne.

Abu ɗaya da ke sa mutane su sayi kwantirola su jefar a kan durowa shi ne jinkiri. Ka buga, sautin ya biyo baya. Lissafin a fili yake: in ma'ajin sautin kwamfutarka, wato adadin ɗigon sautin da take tarawa kafin ta fitar da shi, yana kan 1024, jinkirin ya kai milisakan 23, kuma hannu na jin wannan sarai. A 512 wajen 12 ne. A 128 bai kai 3 ba, nan ne za ka ji kamar fata kake bugu. Laftof ba ya iya sauka can lafiya sai da akwatin sauti na waje, wanda ake jona makirfo da sifika ta cikinsa, mai direban ASIO nasa, wato manhajar da ke rage jinkirin. Ban ga ka ambaci kana da shi ba. In babu, to shi ne farkon abin saye, kuma makirfonka ma zai gode maka.

MaiGyaraSabonGari ya rubuta:

Oga, ni ba makaɗi ba ne, gyaran kayan sauti nake yi, don haka ta gefen da suke zuwa min a mace zan yi magana.

Kashi mafi yawa na abin da ake kawo min caja ce ta kashe shi. Ta asali ta ɓata ko ta ƙone, mutum ya je kasuwa ya ɗauko wadda bakinta ya shiga ramin, ya jona. Bakin shiga ba shi ne magana ba. Duba bolt, duba amfiya, sannan duba ɗan zanen nan da ke nuna ko tsakiyar bakin fositif ne ko negetif. Kayan Roland da Boss da yawa tsakiyarsu negetif ne, na Elektron fositif. In ka juya, daƙiƙa ɗaya ta isa ka ji ƙauri. MPC One bolt 19 yake ci kamar laftof, kuma ba shi da batir a ciki, ana ɗauke wuta zai mutu da abin da ba ka adana ba. Masu batir a gidansu su ne irin su MPC Live II. Digitakt bolt 12 ne, sai mutane su ce ai batirin sola ma 12 ne, su jona kai tsaye. Kada ka yi. Batirin nan in yana caji yana haura 14.

Don yanayinmu, ni na fi son masu cin batirin rediyo ko fawa bank. TR-6S batir AA huɗu yake ɗauka ko USB. SP-404MKII guda shida ko USB-C. K.O. II ƙanana AAA huɗu. Move batirinsa a ciki yake har da 'yar sifika. Kwantirola irin MPD218 kuwa daga laftof yake shan wuta, ba ruwansa da soket. Duk abin da bai taɓa bango ba ya tsira daga wutar nan da ke dawowa da ƙarfi, da ta ƙaramin janareto mai hawa da sauka. In inbatarka mai araha ce kuma kana jin zuuu a sifika, ba injin ba ne, ita ce.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu aikina ninkuwa yake yi. Abin da ya fi shan wahala shi ne fedar da ake ja sama da ƙasa, domin bakinta a buɗe yake, ƙura na zuba kai tsaye kan layin gawayin da ke ciki. TR-8S na da irinsu 11. Fad ɗin roba ya fi juriya. Ka samu tawul ko ɗankwali mai kauri ka riƙa rufewa duk sanda ka tashi, ka share da busasshen burushin fenti. Kada ka fesa masa man da ake fesa wa ƙarfe mai tsatsa, kada ka kusanto da fetur. In kuma gwanjo za ka saya, ko a kasuwar Alaba ta Legas ko a nan, tafi da hedfon ka danna kowane fad a hankali sannan da ƙarfi, ka murɗa kowane maɓalli har ƙarshe, kafin ka ƙirga kuɗi.

ƊanKurna ya rubuta:

Allah Ya biya ku. Yaya 'YarBarnawa, na gwada gida 12 ɗin jiya bayan isha'i. Wallahi ya zauna. Ba duka ba, don dattijon yana ɗan ƙara gudu in ya zo wajen kirarin amarya, amma rabin farko ya hau kamar don shi aka yi. Shekara shida ban taɓa buɗe wannan saitin ba. Na duba ma'ajin sautin kuma, a 1024 yake, kuma ba ni da akwatin waje, kai tsaye nake jona komai. Baba, na samo kebul ɗin firinta a shagon maƙwabcina.

JikanMakaɗa ya rubuta:

Sannunku da aiki. Daga Maraɗi nake rubutu. Kakana makaɗin mahauta ne, mahaifina ma ya yi, ni ne na kauce na koma kwamfuta, amma a cikin ƙarar kalangu na tashi. Akwai abin da nake so ɗan'uwana ƊanKurna ya riƙe kafin ya fara yanka.

Kalangu magana yake yi. Hausa tana da hawa da sauka a kan kowace gaɓa, makaɗi kuma waɗannan yake bi da hammatarsa. In ya matsa tsarkiya fata ta ɗaure murya ta hau, in ya saki ta sauka, kuma sau da yawa bayan sandar kiɗan ta riga ta dira a fata ne yake matsawa ko ya saki, sautin ya lanƙwashe a cikin iska. Wurin da ka ce dattijon yana ƙara gudu, sunan amarya da na iyayenta yake kira. Tsofaffin da ke wurin bikin za su ji shi sarai. In ka yanka bugu ɗaya ka baza a fad 16 kamar yadda yayarmu ta kwatanta, za ka samu sauti mai kama da kalangu, kuma yana da amfani wajen cike gurbi a waƙar zamani, ni ma ina yi. Amma ba zai kira sunan kowa ba.

Abin da nake yi da SP-404MKII ɗina shi ne ɗaukar jimla sukutum. Ina zuwa gida da shi da batir a aljihu, in zauna da ƙanin mahaifina a zaure, in ce Baba yi min taken kaza. Kowane take fad ɗinsa guda. In na dawo sai in gina gangunan inji a kewaye da shi, su bi shi. In ya yi sauri a wani wuri, gudun waƙar nake ɗagawa a wurin, FL Studio ma yana barin ka zana hawa da saukar gudu. Kuma ka lura da lokaci: da damina fata na saki, muryar ta yi ƙasa ta dushe, da hunturu ta ɗaure ta yi kaifi. In ka ɗauki rabi a Agusta rabi a Janairu, ba za su yi kama da ganga ɗaya ba. Makirfo kuma kada ka manna shi a fata, ba shi kamar kamu biyu, don ƙarar tsarkiya da ɗan kukan da kangon ke yi su shiga.

Magana ta ƙarshe, kuma ita ta fi damuna. In ka adana bugun dattijon nan a inji, za ka yi waƙa hamsin da shi, shi kuwa sau ɗaya aka sallame shi. Na ga yadda aiki ya ja baya a gidanmu tun da masu biki suka koma ɗaukar DJ. Ka gaya masa gaskiyar abin da za ka yi da sautin, ku yi ciniki a kan haka, kuma duk waƙar da ta fita da hannunsa a ciki a ambaci sunansa, a kai masa nasa.

ƊanKurna ya rubuta:

Ɗan'uwa JikanMakaɗa, maganarka ta shige ni. Ban yi tunanin wannan ba sam, kuma da na yi abin da ba daidai ba ban sani ba.

Ga inda na tsaya. Gobe zan kai laftof a sa masa sabon batir. Sauran kuɗin zan raba su biyu, akwatin sauti mai ramin makirfo biyu da MPD218, in ya so injin mai zaman kansa ya jira baɗi, lokacin na san ko MPC hannuna ke so ko SP. Na kira dattijon ɗazu, ya ce zai zo ranar Asabar da hantsi, kuma zai taho da yaronsa mai ƙaramin kalangun karɓi. Na gaya masa zan adana sautin, ya ce sai mun zauna mun yi magana, na ce to.

Tambaya ɗaya ta rage min kafin Asabar. Makirfo ɗaya gare ni, su kuma su biyu ne. In sa shi a tsakiyarsu su buga tare, ko in ɗauki babban tukuna sannan yaron ya sa hedfon ya bi? Ina tsoron in na raba su karɓin ba zai faɗa inda ya saba faɗawa ba.